Ba Hannunsa Ke Kan Giyar Ba

Sallama gare ku 'yan wannan zaure. Masu turo min saƙo suna cewa na yi shiru da yawa, ku gafarce ni, ba jan rai nake yi ba. Abin da zan ba ku yau ni kaina ban gama gane kansa ba. Na rubuta na goge har babban yatsana ya yi tsami.

Ga wadda yau ta fara leƙowa, sunana Lubna. A Daura nake, unguwar Tudun Wada, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare kusa da gidanmu. Babanmu ya rasu tun ina sakandare, gidan daga Inna sai ni sai yayana Badaru. Wanda yake nemana sunansa Zulkifilu. Hatsi yake saye, ya kwaso riɗi da wake daga ƙauyukan Baure da Babban Mutum ya kai Mai'adua, wani lokacin ya tsallaka ta Kongolam. Shi da Yaya Badaru tare suka yi makarantar allo, ta nan ma ya fara ganina.

Yana da wata farar a-kori-kura mai ƙofa huɗu, otomatik. Motar lafiyayyiya ce, sai dai tana da hali ɗaya. Duk sanda aka ɗauke giya daga tsaye za a sa ta gaba ko ribas, sai ka ji ƙwaram daga ƙarƙashinta, kamar an saki taɓarya cikin turmin da babu komai. Ranar da na fara ji, ya ɗauke mu ne ni da Gwaggo Shatu, ƙanwar babanmu, za mu biki Mashi. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, "Yaro, akuyar wa ka taka?"

Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, gaisuwa take yi miki."

"To ka ce mata na amsa, kada ta ƙara."

A hanya ya yi mana bayani. Ya ce ya kai ta garejin Ɗantsoho, bakaniken da yake duba masa ita, aka juye man giya aka zuba sabo, ƙarar ba ta tafi ba. Ɗantsoho ya shiga ƙarƙashi ya girgiza furofela, dogon ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ya ce ko dai kuros ɗinta, wato mahaɗar ƙarfen, ne ya ci, ko robar da ke riƙe giyabos ce ta saki, sai an kwance za a tabbatar. Shi kuma lokacin kaka ne, ba zai iya ajiye mota ba. Sai ya koyi lallaɓa ta.

"Kin gani, Malama," haka yake kirana, "ki danne birki sosai, ki bari injin ya sauke numfashi, sannan ki jawo giyar a hankali. Idan aka yi mata gaggawa ne take faɗa."

Ya tsaya a gefen titi ya gwada min. Maimakon ƙwaram, sai wani ɗan ƙit, kamar an rufe murfin kwalla. Daga ranar kunnena ya haddace wannan sautin. Ko ina ɗaki ina duba littattafan yara, in na ji ƙit a ƙofar gida na san ya gama sallama da mutanen zaure zai tafi. Wani lokacin har nakan riƙe numfashi in jira. Kada ku yi min dariya, wadda ta taɓa so ta san irin wannan shirmen.

To, tun farkon damunar bana abubuwa suka fara sauyawa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ya ce min komai ba.

Da farko lokacin zance ne. Mutumin da ya saba zuwa bayan isha'i ya koma zuwa bayan la'asar, kafin magariba ya miƙe. Na tambaya, ya ce hanya ba ta da kyau yanzu. Na yarda. Sai ya daina shigowa da motar layinmu, ya riƙa barinta can bakin masallaci inda kwana ta ɓoye ta, ya tako da ƙafa, wai layinmu ya yi taɓo. Wannan ma na yarda, don da gaske kwatarmu tana ambaliya. Sai baƙin tabarau, wanda ko a cikin zaure ba ya cire shi. Na tsokane shi na ce ko ya zama ɗan fim ne, ya yi murmushi ya ce ƙurar riɗi ce take damunsa.

Saƙonninsa ne suka fi tsaya min a rai. Zulkifilu mutum ne mai rubutu. Da safe zan tashi in tarar da dogon saƙo, har da waƙafi da aya, yana ba ni labarin tsohuwar da ta ƙi sayar masa da wake don bai gaishe da jikarta ba. Duk wannan ya ɗauke. Sai saƙon murya, shi ma gajere. "Malama, barka da asuba, ya makaranta?" Shi ke nan. Na ɗinka sabuwar atamfa, kore da ratsin ruwan goro, riga da siket, na kafa ɗaurin da na ɓata lokaci ina koya, na ɗauki hoto na tura masa. Amsar da ta zo ita ce muryarsa tana cewa, "Masha Allah." Mutumin da a da zai ce min ɗankunnen bai dace da mayafin ba.

Na nuna wa Murja, ƙawata da muke koyarwa tare. Ta saurari muryar sau biyu ta miƙo min wayata.

"Lubna, ba na son in ɓata miki rai."

"Faɗi kawai."

"Namiji in ya daina rubutu, wani wurin yake rubutawa."

Na ce mata Allah ya sauwaƙe, amma maganar ta bi ni har gida.

Ranar wata Alhamis na ce bari in gwada shi. Aka yi min jan lalle a tafin hannu da baƙi a bayansa, na sa atamfar nan ta cikin hoton, na dama kunun aya da dabino na sa a firij ya yi sanyi. Ya zo cikin shadda ruwan toka, hularsa ta ɗan karkace, abin da ban taɓa gani a kansa ba. Muka gaisa. Na zuba kunun a kofi na miƙa masa da hannu biyu yadda lallen zai fito sosai. Ya miƙo hannu, sai ya kama iska a gefen kofin. Ya sake lalubowa ya karɓa, har kunun ya ɗan zuba a hannun rigarsa.

"Hankalinka ba ya nan," na ce.

"Yana nan, Malama. Gajiya ce."

"Ba ka ga komai a jikina ba?"

Ya ɗan karkato da kansa gefe kamar mai sauraron wani abu daga nesa. "Kin yi kyau," ya ce. "Kullum ma kina yi."

Na juya masa baya. Da ya tashi na raka shi bakin zaure, na tsaya ina kallonsa yana tafiya a hankali, yana bin gefen katanga. A raina na ce ji shi, ko tafiyar ma ta wanda zuciyarsa ke wani gida ce. Ya sha kwana. Na tsaya jiran ɗan ƙit ɗina, ko shi ya rage min zafi.

Ƙwaram.

Har tantabarun maƙwabta suka tashi. Na ce ƙila kuskure ne. Aka yi ribas, aka sake mayar da giyar gaba, ƙwaram kuma, da ƙarfi, irin na wanda bai ma jira motar ta gama tsayawa ba. Na san hannun Zulkifilu a kan giyar nan. Wannan ba shi ba ne.

Na ɗaga siket na yi sauri zuwa kwanar, amma kafin in kai sai bayan motar na hango, gilasanta masu duhu a rufe. Na dawo ina tambayar kaina. Wa ya zauna a mota tun la'asar yana jiransa? In direba ya ɗauka, me zai hana ya faɗa min? In abokinsa ne, me ya hana shi shigowa ya sha ruwa? Ko mace ce? Amma wace mace ce za ta kawo namiji zance wurin wata? Kaina ya ɗaure tamau.

Na kira shi bayan magariba.

"Motarka ta ƙara lalacewa ne?"

"Me kika ji?"

"Na ji ta yi faɗa."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Kunnenki dai, Malama. Kuros ɗin ne ya ƙara ci. Zan kai wa Ɗantsoho."

Wannan ce ƙaryar farko da na kama a bakinsa, kuma ban san me zan yi da ita ba.

Ana cikin haka sai gidanmu ma ya birkice min. Ku sani, Inna ce da bakinta ta ce ba za a yi maganar aurena ba sai na gama karatun digirin da nake yi na ƙarshen mako a Katsina. Wata rana da yamma ina tsakar gida ina tsinkar zogale, sai ga Gwaggo Shatu da ƙullin goro. Suka shige ɗaki ita da Inna suka daɗe, sannan aka kira ni. Na zauna a bakin ledar ɗaki. Inna tana ta gyara jeren kwanonin da babu abin da ya same su.

Gwaggo ce ta fara. "Lubna, mun yi magana da Baffanki Sada. Mutanen yaron nan za su zo a sa rana."

"Gwaggo, karatun fa?"

"A ɗakinki ma a yi karatu. Wasu da goyo suke yi."

Na dubi Inna. "Inna, ke kika ce..."

"Na ce, yanzu kuma na sake cewa." Ba ta kalle ni ba. "Ko ba kya sonsa ne? In ba kya so ki faɗa, babu mai yi miki dole a gidan nan."

"Ba haka ba ne."

"To mene ne?"

Me zan ce? In ce motarsa ta yi ƙara? In ce bai ga lallena ba? Na sunkuyar da kai na ce, "Gani nake kamar ya canja."

Suka kalli juna. Kallon bai daɗe ba, amma na gani. Gwaggo ta ɓare goro ta ce, "Mutum ai ba dutse ba ne, 'yar nan. Yau lafiya gobe akasinta. Ita mace ta gari..."

"Shatu," in ji Inna, a hankali. Gwaggo ta jefa goron a baki.

Na fito na koma kan zogalena, na kasa tsinke ko reshe ɗaya. Yaya Badaru ya shigo da babur ɗinsa, na ce bari in taɓa shi, tunda abokinsa ne.

"Yaya, Zulkifilu ya ɗauki direba ne?"

Yana goge madubin babur bai ɗago ba. "Ni na sani? Ki tambaye shi mana."

"Kullum ya zo ba ka nan, shi ya sa."

"To zaman gadinku zan yi?" Ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa. Yaya Badaru da ba ya gajiya da tsokanata.

Bayan kwana kaɗan saƙon murya ya shigo da sassafe. "Malama, tafiya ta kama ni zuwa Damagaram, akwai kayan da zan duba. Da motar zan tafi. In kin kira ba ki samu ba, layin can ne." Na rubuta masa Allah ya tsare, na goge, na sake rubutawa, daga ƙarshe na tura masa da murya, tunda na lura rubutuna ma sai ya yini bai buɗe ba. A ranar Yaya Badaru ya ce wa Inna zai je Kano sayen kayan babur, zai kwana biyu. Inna ta ce Allah ya kiyaye, ta zuba masa dambun nama mai yawa a kwano, wanda ya fi cikin mutum ɗaya. Na gani, ban kawo komai a raina ba.

Ranar Asabar muka tafi Katsina lacca ni da Murja. Aka tashe mu da wuri don malamin bai zo ba. Murja ta ce in raka ta wani asibitin ido mai zaman kansa ta karɓo tabaran mahaifiyarta. Muka hau adaidaita. Da muka isa ta shiga ciki, ni kuwa warin asibiti yana tayar min da zuciya, sai na zauna a benci ƙarƙashin wata darbejiya, na sayi dafaffiyar gyaɗa ina ɓarewa. Ina sanye da doguwar riga baƙa da hijabi ruwan ƙasa, kowa ya gan ni zai ce mai jinya ce.

Ban ɗago ba sanda na ji mota ta shigo harabar. Motoci nawa ne suke shiga suna fita. Sai da aka zo gyara tsayuwa, aka sa ribas.

Ƙwaram.

Gyaɗar ta zube daga cinyata. Na ce Lubna ki nutsu, motoci masu ciwon giya sun fi a ƙirga a ƙasar nan. Na juya a hankali. Fara ce, mai ƙofa huɗu, ga lanƙwasar nan a bayanta inda amalanke ya taɓa goga ta a kasuwar Mai'adua. Motar da take Damagaram ce take ja da baya zuwa inuwar da ke gabana.

Na ja hijabi na rufe rabin fuskata. Zuciyata ta gama shirya min wadda za ta fito, har kalar mayafinta na gani. Ƙofar direba ta buɗe. Yaya Badaru ya sauko, da rigar da ya bar gida da ita zai tafi Kano. Bai kashe injin ba, ya tura ƙofar ya nufi cikin asibitin da sauri.

Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Ban san me nake nema ba. Na je na ja ƙofar baya, ta buɗe, na shiga na zauna na rufe. Sanyin na'ura ya buge ni. A kujerar akwai sallayarsa a naɗe, da kwanon dambun Inna an ci rabi, da wata farar leda cike da ƙananan kwalaben maganin ɗigawa. Na ɗauki ɗaya na juya ta, na mayar. Tunanina ya tsaya cak, kamar an ɗauke wuta.

Sai na hango su ta gilashin gaba. Yaya Badaru ne a gaba, Zulkifilu a bayansa, ya dafa kafaɗarsa. Babu tabarau. Idonsa na hagu an rufe shi da auduga da filasta. Na daman a buɗe yake, yana kallon sama da kan mutane. A bakin matakala Yaya ya tsaya ya ce masa wani abu, shi kuma ya laluba da ƙafa kafin ya sauko. Mutumin da yake ɗaga buhun riɗi shi kaɗai.

Na tuna kofin kunun aya. Na tuna yadda na juya masa baya a zaure ina fushi a kan lalle. Na cusa bakin hijabi a bakina.

Yaya ya buɗe masa gaba, ya kare masa kai da hannu kada ya bugi ƙarfe, ya zaunar da shi. Ya zagayo ya shiga. Yana ɗaga ido zai gyara madubi muka haɗa ido. Bakinsa ya buɗe. Na girgiza masa kai.

Zulkifilu ya jingina ya sauke numfashi. "Ka ji dai abin da likita ya ce."

Yaya ya kama sitiyari da hannu biyu.

"Na daman ya tafi, ba ya dawowa. Hawan jinin idon ya riga ya cinye jijiyar. Wannan da aka yi wa aiki shi ake fatan a tsare abin da ya rage." Ya taɓa filastar da yatsa. "Badaru, ka ce wa Inna na gode. Ta ce a yi shiru har a ga bayan aikin, na yi shiru. Ta ce a sa rana don in samu ƙarfin zuciya, ta ce ta san 'yarta ba za ta guje ni ba. Wataƙila haka ne. Amma ba a tambayi yarinyar nan ba. Ranar nan ta ce min ban ga komai a jikinta ba? Ni kuwa inuwarta kawai nake gani. Na koma gida ban iya cin abinci ba."

"Zul," in ji Yaya, "bari mu je masauki tukuna."

"A'a, bari in faɗa tun ina da ƙarfin faɗa. In mun koma zan tura wa Baffa Sada cewa na janye. Ka ce mata duk abin da ka ga dama, ka ce na samu wata a Damagaram. Gara ta tsane ni ta yi aurenta da ta ƙare ƙuruciyarta tana yi min jagora don kunya."

Ina son in yi ihu, ban san wa zan yi wa ba. Inna da ta yanke min hukunci da kyakkyawar niyya? Yaya da yake sauke shi a bakin masallaci ya zauna cikin mota yana jira kamar baƙo a unguwarsu? Ko shi, da yake shirin yanke min wani hukuncin, shi ma ba tare da ya tambaye ni ba? Kuma can ƙasan zuciyata akwai wata tambaya da nake jin kunyar rubuta muku: in da an tambaye ni tun farko, me zan ce? Ina so in ce na sani. Ban sani ba.

Na sa hannu zan share fuskata, awarwarona suka haɗu suka yi ƙara.

Zulkifilu ya ɗago kai. A hankali ya juyo da dukkan jikinsa, ya dafa kan kujera, fuskarsa ta zo daf da tawa, har ina ganin inda filastar ta kama gashin girarsa. Buɗaɗɗen idon ya sauka a kaina, ya wuce, ya dawo, bai tsaya ba.

"Badaru," ya ce, "da wa muke a motar nan?"

Yaya ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Ya bar min amsar.